Ginshiƙin da ke Tsakiyar Ɗakin Hajiya

Zuwa ga ɗana Idrisu,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. In ka buɗe wannan takarda, na san jirgin ƙasa ya riga ya fitar da kai daga Guangzhou, ya miƙi arewa. Allah ya sauke ka lafiya, ya tsare gabanka da bayanka, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba. Mahaifiyarka ce ta cusa takardar a cikin rigar sanyinka, ni na roƙe ta. Sai da ta ce, "Malam, gida ɗaya kuke kwana, kwano ɗaya kuke ci, me ya yi zafi har da wasiƙa?" Na ce mata akwai maganar da in na kalli idonka ba za ta fito ba. Sunan mahaifina gare ka, kuma da nauyi mutum ya tsaya gaban mai sunan ubansa yana tona kansa.

Za ka Garin Ƙarfe a matsayin wakilin kawunka Alhaji Sabo, ka riƙa duba masa rodi kafin a loda a kwantena zuwa gida. Aikin da na yi ke nan a can garin tun kana ƙarami a Kano, kafin na kwaso ku zuwa Panyu, unguwarmu ta nan Guangzhou. Kai ka iya faɗin sunan garin yadda masu shi suke faɗa, tunda ka yi karatu a Tianhe, a nan ƙasar Sin, harshensu ya zauna a bakinka. Ni har yau sunan ya fi ƙarfina, shi ya sa mu 'yan kasuwa muka huta muka ce Garin Ƙarfe. Ka sha tambayata dalilin da ya sa na bar harkar rodi na koma takalma, ina ce maka sanyin can ne ya kore ni. Ba sanyi ba ne. Zan zo wurin, amma bari na fara da ƙananan kurakurai, ko na samu ƙarfin faɗin babban.

Ba ka taɓa ganin gari irinsa ba. A nan Guangzhou kowa da abin da yake sayarwa, can kuwa duk garin abu ɗaya yake yi. Akwai dutse a gefensa wanda suka yi ta haƙa har ya koma rami, daga nan ake kwaso tama, jiragen ƙasa suna jan ta zuwa babbar masana'anta. Ita masana'antar gari ce a cikin gari. Asibitin da ake haihuwar mutum nata ne, makarantar da zai yi tata ce, motar da za ta kai shi aiki tata ce, in ya tsufa kuma a gidajenta zai zauna yana kallon hayaƙi ta taga. Za ka tarar da gidan da kaka da uba da ɗa duk ƙofa ɗaya suka shiga aiki. In lokacin canjin ma'aikata ya yi, titi cika yake har ba ka iya ƙetarawa. Farar riga kuwa in ka shanya a waje, ka tarar ta yi ja-ja saboda ƙurar tama. Ranar da na fara ganin narkakken ƙarfe yana kwarara kamar kunu, kakanka na tuna, maƙerin da ya ƙare rayuwarsa yana lallaɓa garwashi da zugazugi don ya samu fartanya ɗaya. Na yi ta fatan da ma yana raye ya gani.

Kuskurena na farko girman kai ne. Ranar da za a shiga da ni wurin da ake murza rodi, na caɓa ado da babbar riga ta shadda, wai don su san babban ɗan kasuwa ya zo. Mai gadin ƙofa ya dube ni sama da ƙasa, ya girgiza kai, ya miƙo min wata shuɗiyar rigar leburori da hular kwano. Raina ya ɓaci. Na ɗauka raini ne don ni baƙar fata ne, na tsaya ina ta faɗa da Hausa, shi yana ta faɗa da nasa yaren, kowa yana jin shi ke da gaskiya. Da ƙyar na yarda na sauya. Sai da na shiga na ga yadda jan ƙarfe yake wucewa a guje, da yadda injin yake fizgar duk abin da ya yi lilo kusa da shi, sannan na gane gaskiyarsa. Da na shiga da rigar nan, da hannunta kawai za a kawo wa uwarka. Don haka in sun ce cire, ka cire, in sun ce tsaya bayan layin nan, ka tsaya. Ba kowace tsawa ce raini ba. Akwai masu raini, za ka gamu da su, amma wanda ya hana ka kusantar wuta ba ya cikinsu.

Na biyu rashin tambaya ne. Can babu Xiaobei, unguwar 'yan Afirka ta nan Guangzhou, babu inda za ka shiga ka ce a zubo maka tuwo da miyar kuka, ba kuma za ka ji wani ɗan Maraɗi yana rantsuwa a waya a bayanka ba. Saboda tsoron naman alade na daɗe ba na cin komai sai burodi da dafaffen ƙwai, har wandona ya fara zamewa. Salla kuma a ɗaki nake yi ni kaɗai, Juma'a ta zo ta wuce ina cewa ai ni matafiyi ne. Ashe a bayan masaukina akwai wani ɗan shagon taliya mai koren allo, na Musulmin ƙasar, kullum ina wuce shi. Mai shagon, wani dattijo da ake kira Lao Ma, wanda ya yi ritaya daga babbar masana'anta, shi ya gaji da ganina ina wucewa kamar marar lafiya, ya fito ya yi min sallama. Na amsa masa cikin mamaki. Shi ya nuna min masallacinsu, ya ciyar da ni, daga baya ma ya riƙa kai ni wuraren ciniki a tsohuwar motarsa. Matambayi ba ya ɓata, Idrisu. Ka nemi masallaci tun kafin ka nemi kasuwa. Wanda ya zauna shi kaɗai a garin da ba a san ubansa ba, da sannu zai fara jin kamar ba mai ganinsa, kuma ni wannan jin ne ya kai ni ga abin da zan faɗa maka yanzu.

Ka san ginshiƙin nan da ke tsaye a tsakiyar ɗakin Hajiya, kakarka, a Kano. Kun sha zagaye shi kuna guje-guje da 'ya'yan Baffa Lawal, har ka taɓa fasa goshi a jikinsa. Ka tambaye ni me ya sa aka dasa shi a tsakiyar ɗaki kamar bishiya, na ce maka salon ginin Sin ne. Ƙarya na yi maka, kamar yadda na yi wa kowa.

Ga yadda abin yake. Babbar masana'anta ba ta ciniki. Rodinta mai kaurin milimita sha biyu, sha biyu ne cif, farashinsa kuma ba ya motsi. In ka nemi ragi su ce maka "meyo", babu, su ci gaba da aikinsu. Amma a kewayen garin akwai ƙananan wurare masu murza rodi, kuma su abin da ka ce shi za su yi maka. Wata shekara kasuwa ta yi zafi a gida, kowa yana karya farashi, ni kuma ina ganin kayana sun fi na kowa tsada. Sai na sa Lao Ma ya kai ni ɗaya daga cikinsu. Da muka isa ya ce zai jira ni a mota.

Mai wurin ya karɓe ni da shayi, yana ta "lawban, lawban", wato maigida. Ba na jin yarensa sosai, shi ma ba ya jin nawa, saboda haka muka yi irin cinikin da ka saba gani a Xiaobei, da kalkuleta. Ya buga farashi ya turo min. Na goge na buga ƙasa da haka na tura masa. Bai yi musu ba. Sai ya ɗauko ɗan ma'aunin kauri, irin mai baki biyu da ake matse rodi da shi, ya buɗe shi daidai sha biyu ya nuna min, sannan ya ɗan matse bakin kaɗan. Ya dube ni. Na gane sarai abin da yake nufi: a wannan kuɗi, ga kaurin da za ka samu. Da na tashi a lokacin, da yau ba na rubuta wannan takarda. Maimakon haka na sake jawo kalkuleta na ƙara ragewa. Shi ma ya ƙara matsewa. Muka yi ta yi, ni ina rage lamba, shi yana rage ƙarfe, har muka tsaya a inda ko sha ɗaya bai cika ba. Takardar da za a liƙa a jikin ɗaurin kuwa sha biyu za ta ce.

Ka lura da wannan da kyau, don a nan Shaiɗan ya same ni. Ban furta kalma ɗaya ba. Ban ce a rage ba, ban ce a yi algus ba. Na fito ina gaya wa kaina ai ni farashi kawai na nema, in akwai laifi na mai murzawa ne. Na daɗe ina zagin mutanen nan a majalisa, ina cewa kayansu ba su da ƙarko, alhali na san mai kyau yana nan a garin, ni ne na taka da ƙafata na wuce shi. Mutumin bai cuce ni ba. Abin da na tambaya da yatsana shi ya ba ni.

Akwai al'adar da ake yi, kowane ɗan kasuwa ya zaɓi fentin da za a shafa a kan bakin rodinsa don a gane kayansa a kasuwa. Na zaɓi kore, har ina jin daɗi wai launin albarka ne. Ranar lodi Lao Ma ya fito daga mota, ya ɗaga sanda ɗaya ya jinjina ta a hannu. Ya nuna sama da yatsa, sannan ya haɗa tafukansa ya kwantar da kuncinsa a kai kamar mai barci, yana tambayata da ido ko mutane za su kwana a ƙarƙashin wannan. Na yi dariya na ce masa katanga za a yi da shi. Ya ajiye sandar a hankali. Ya ci gaba da gaishe ni bayan haka, amma bai sake zama mun ci taliya tare ba.

Kayan suka tafi, suka ƙare nan da nan, na yo wani, na sake yo wani. Mai koren baki ya yi suna saboda araha. Da na je gida wata babbar Salla, na tarar Baffanka Lawal ya cire tsohon rufin ɗakin Hajiya ya zuba dekin, da niyyar a ɗora bene a kai nan gaba. Ya ja hannuna yana murna muka hau sama don ya nuna min aiki. Ka san yadda ake barin kawunan rodi a tsaye don ginin da za a ci gaba. Ina hawa na gan su jere, kowanne da koren fenti a bakinsa.

Lawal ya ce, "Yaya, ka gane su? Naka ne. Sai da na zagaye kasuwa ina neman mai koren baki. Wani ya so ya ba ni wani iri, na ce wallahi ɗakin uwarmu ba za a sa masa na kowa ba sai na gida."

Na zauna a kan bulo. A ƙarƙashinmu ina jin muryar Hajiya tana yi wa wata jikarta faɗa a kan tsintsiya. Alhaki kwikwiyo ne, in ji mutane, mai shi yake bi. Nawa ya hau jirgin ruwa, ya ƙetare teku, ya sauka Legas, ya bi mota har Kano, ya wuce gidaje dubu bai shiga ba, ya zo ya kwanta a saman gadon uwata.

A nan na yi kuskuren da ya fi na farkon muni, domin na farko kwaɗayi ne, wannan kuwa tsoro ne. Kamata ya yi na ce, Lawal, a fito da Hajiya, a fasa wannan dekin, ƙarfen ba shi da kyau, ni na lalata shi. Na kasa. Na dubi yadda ƙanena yake kallona, na kasa. Sai na ce masa a can Sin yanzu haka ake yi, ana tsayar da ginshiƙi a tsakiyar ɗaki don ƙarin ƙarfi. Na kawo magini, na sayo rodi mai kyau daga wani wuri a ɓoye, aka fasa daɓe aka dasa shi. Daga nan ne na bar harkar rodi na koma takalma. Maganar bene kuma na kashe ta, duk lokacin da Lawal ya tayar sai na ce ba yanzu ba. Hajiya ta yi ta mita. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Kowa ɗansa ya je Caina ya kawo masa atamfa, ni nawa ya kawo min gungume ya kafa min a gaban gado." Daga baya ta saba da shi, ta buga ƙusa tana rataya carbinta da gidan sauro. Ni kuwa tun daga ranar ban sake shiga ɗakin nan ban ɗaga kai na duba rufi ba, kuma duk damina in aka ce an yi ruwa mai ƙarfi a Kano sai na kira na ji muryarta. Ku kuna cewa Baba akwai son Hajiya. Ina son ta, amma ba son ne kaɗai yake sa ni kiran ba.

Abin da ya sa na fasa wannan ƙwai yanzu shi ne maganar da kawunka ya yi ranar da muka ci abinci a Xiaobei, da ka tashi wanke hannu. Ya matso ya ce min, "Alhaji, yaron nan yana da ilimi amma bai san kasuwa ba. Ka ɗan nuna masa yadda ake matse kaya, kai ai tsohon hannu ne." Ya yi dariya, ni ma na yi, don kunya. Kawunka ba mugu ba ne, ya riƙe mu lokacin da muka zo ƙasar nan ba mu da kowa, kuma ina so ka girmama shi har ƙarshen rayuwarsa. Amma zai nemi ka yi abin da na yi. Ba zai faɗa da baki ba, shi ma. Zai ce maka kawai ga farashin da yake so, ka san yadda za ka yi. Kai kuma ka fi ni haɗari, domin kana jin yarensu, ba za ka iya cewa ba ka gane ba.

Na koma Panyu a ranar na kasa cin abinci. Na ga ba ni da bakin yi maka nasiha alhali Hajiya tana kwance a inda take. Sai na kira Lawal na gaya masa komai, tun daga kalkuleta har ginshiƙi. Na ce a mayar da ita ɗakin waje, a fasa dekin, ni zan yi bayani da kaina. Na shirya ya zage ni, da ya zage ni ma da na ji sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Yaya, ai ba ɗakin Hajiya kaɗai ba ne. Da aka gama aiki rodi ya ragu da yawa. Lokacin ana ginin azuzuwan Islamiyyar unguwa, sai na kai musu. Na ce sadaka ce daga gare ka. Har addu'a aka yi maka a masallaci."

Shekara da shekaru ina lallashin kaina da cewa na tallafe abin da na ɓata. Ɗaki ɗaya na tallafe, shi ma don uwata ce a ciki. Wanzami ba ya son jarfa. Uwayen wasu da 'ya'yansu ban taɓa tsayawa na yi tunaninsu da gaske ba, sai da Lawal ya ambaci ajin da yara suke zama suna karatu a ƙarƙashin sadakata.

Don haka ga abin da nake roƙonka, kuma shi ne kaɗai abin da in ka saɓa ba zan yafe wa kaina ba. In aka turo maka kalkuleta, kada ka kalli lamba, ka kalli ɗaya hannun mai riƙe da ma'auni. In ya fara matsewa, ka ajiye kofin shayinsa, ka yi godiya, ka tashi. Ka auna kaya da hannunka, daga tsakiyar ɗauri, ba sandar da aka zaro aka miƙo maka ba. Abin da ka auna shi za a rubuta a jiki. In sirara kawunka yake so, akwai masu bukatar sirara don taga da keji, a rubuta gaskiyar kaurinsa a sayar da shi a haka, ba laifi. In ya matsa, kada ka ɗaga masa murya, ka ce, "Kawu, Baba ya hana ni," ka jingina abin a kaina, na iya ɗauka. In ya ce to a bar aikin, ka bari. Ɗakinka na nan a Panyu, shagon takalma kuma bai fi ƙarfin mutum biyu ba. Gara ka dawo min hannu wofi da ka dawo da abin da zai sa ka riƙa kallon rufi.

In Lao Ma yana raye, shagonsa na bayan tsohon masaukin baƙi da ke kusa da tashar jirgi. Ka gaishe shi, ka ci taliyarsa, ka gaya masa da yarensa abin da na kasa faɗa: ba katanga aka yi da shi ba.

Ni ma tafiya ce a gabana. Kai ka yi arewa, ni zan yi gida cikin satin nan. Zan fara da Hajiya, na durƙusa na gaya mata ko mene ne gungumen da take rataya carbi a jiki. Daga nan na je wurin malaman Islamiyya na roƙe su su fitar da yara kafin damina, na mayar musu da addu'arsu da bakina a gaban mutanen da suka ce amin. Waɗannan biyun na san inda suke. Sauran kwantenonin ban san gidajen da suka shiga ba, ban san su wa ke kwana a ƙarƙashinsu ba, kuma ba wanda ya kafa musu ginshiƙi. Wannan zan tafi da shi kabari, sai dai Allah ya dube ni da rahama. Kada ka ƙara min ko sanda ɗaya a kai, Idrisu.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce ka riƙa rufe wuyanka, kuma yajin da ta sa maka a gefen jaka ba na rabo ba ne. Allah ya tsare ka daga wuta da ƙarfe da son zuciya. Allah ya sa ka fi ubanka. Ya tsare duk wanda ke barci a ƙarƙashin abin da hannunmu ya taɓa, ya tashe su lafiya. In ka sauka ka kira uwarka tukuna. Ni in ka ga ba za ka iya yi min magana yanzu ba, zan jira.

Wassalam.

Mahaifinka.